Kwamfuta 275, ni kaɗai da filash ɗaya: yaya ake sa musu Windows gaba ɗaya?

Nura K.

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga mu a harkar nan. An damƙa mini kula da injinan wata sabuwar cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, irin waɗanda ake rubuta JAMB a ciki. Kun san sharaɗin, inji 250 masu aiki da ƙarin kashi goma cikin ɗari na ko-ta-kwana, jimilla 275. Mai wurin ya sayo laftof na hannu kala uku: HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude 5490 da Lenovo ThinkPad T470. Kowanne ya zo da tarkacensa. Wani Windows ɗinsa da Jamusanci yake, wani yana neman kalmar sirrin kamfanin da ya yi amfani da shi a da.

Hanyar da na iya ita ce ta kowa: in haɗa filash ɗin sa Windows da manhajar Rufus, in yi fomatin, in yi ta danna Next, sannan direbobi, sannan burauza da sauran saiti. Inji ɗaya kan ci fiye da awa guda. In na bi wannan hanyar, wata zai ƙare ban gama ba, kuma ko na gama ba za su fito iri ɗaya ba. An riga an ja waya zuwa kowane tebur, suwic suna nan a jere. Akwai yadda za a yi a sa musu duka ba tare da na zauna gaban kowanne ba?

Auwal Mai Gyara

Wa alaikumus salam. Ƙanena kada ka wahalar da kanka. Sayi filash ashirin, ka ɗauko yara goma daga Beirut Road ka biya su kuɗin yini, kowa ya ɗauki layi. Kwana uku kun tashi. Haka muke yi kuma aiki yana fita.

Injiniya Bala

Auwal, aiki yana fita, amma wane iri? Yara goma, hannu goma ne. Wannan ya sa sunan mai amfani "Admin", wancan ya sa "User", na uku ya manta bai gyara agogo ba. Ranar jarrabawa inji na 143 ya ƙi haɗuwa da saba, wato babban injin da sauran ke haɗuwa da shi, ba wanda zai iya cewa me aka yi masa daban da maƙwabcinsa.

Nura, abin da kake nema shi ne ɗaukar hoton faifai. Ka gyara inji ɗaya tsaf yadda kake so, ka kwashe duk abin da ke faifansa ya zama fayil, sannan ka zuba wannan fayil ɗin a sauran ta waya. Ni Clonezilla nake amfani da shi. Kyauta ne, cibiyar manyan kwamfutoci ta ƙasar Taiwan ce ta samar da shi, kuma ba ya kwafe wurin da babu komai a faifai, sai inda aka rubuta wani abu. A cikin Clonezilla live akwai tsarin da ake kira lite server. Ka tayar da inji ɗaya da shi, ka nuna masa hoton, ka ce masa ya jira inji kaza, sauran su tashi ta netwok su karɓa.

Babban abin shi ne ka zaɓi multicast. Bari in yi maka lissafi. A ce hotonka gigabait 20 ne. Waya mai gudun gigabit tana ɗaukar kimanin megabait 110 a daƙiƙa, wato minti uku da ɗoriya a inji ɗaya. In saba za ta aika wa kowanne nasa daban, gigabait 5,500 ke nan za su bi ta waya ɗaya, kusan awa 14. Da multicast sau ɗaya take aikawa, duka su ɗauka a lokaci guda.

Sadiya A.

Don Allah Injiniya a yi mana bayani mu ɗalibai. Injin da babu komai a faifansa, ta yaya yake tashi ta netwok? Me yake karantawa?

Injiniya Bala

Tambaya mai kyau 'yata. A cikin katin netwok da BIOS na injin akwai wata 'yar manhaja mai suna PXE, kamfanin Intel ya fitar da tsarinta tun ƙarshen shekarun 1990. In kin danna F12 lokacin tashi kin zaɓi netwok, injin zai yi shela yana neman adireshi. Sabar DHCP, mai raba wa injina adireshi, ta ba shi adireshin, ta kuma gaya masa abu biyu: ga injin da za ka je, ga sunan fayil ɗin da za ka ɗauko. Su ne zaɓi na 66 da na 67 a saitin DHCP. Sai ya ɗauko ɗan ƙaramin fayil ɗin ta TFTP, wata sassauƙar hanyar tura fayil, wannan fayil ɗin kuma ya jawo sauran. Duk a ƙwaƙwalwar wucin gadi ake yi, ba a taɓa faifai ba tukuna.

Multicast kuwa kamar shifta ce a aji. Malami ya faɗa sau ɗaya, kowa ya rubuta, amma ba ya wucewa sai mafi nawar hannu ya gama. Saboda haka inji ɗaya mai tsohon faifai, ko waya ɗaya da aka matse ta ba daidai ba ta faɗo gudun megabit 100, ya isa ya riƙe duka ajin.

Nura K.

Na gode ƙwarai Injiniya. To hoto ɗaya zai yi wa kala ukun, ko sai na yi uku?

Malama Rukayya

Kafin a amsa wannan, Nura, akwai abin da ba a faɗa maka ba, kuma shi ya fi kayar da mutane. Kada ka ɗauki hoton Windows sai ka yi masa sysprep. Lokacin da ka sa Windows a injin farko, da ka iso shafin da yake tambayar ƙasa, danna Ctrl+Shift+F3. Zai shigar da kai yanayin da za ka sa manhajoji ba tare da ka ƙirƙiri mai amfani ba. In ka gama sai:

`C:\Windows\System32\Sysprep\sysprep.exe /generalize /oobe /shutdown`

Wannan yana goge shaidar da ta keɓanta da injin: lambar SID da Windows ke gane injin da ita, suna, da bayanan kayan ciki. Injin zai mutu da kansa. Kada ka bar shi ya sake tashi cikin Windows, kai tsaye ka tayar da shi da Clonezilla ka ɗauki hoton. In ya tashi ko sau ɗaya, sai ka sake.

In ka yi sysprep, sau da yawa hoto ɗaya yana yi wa kala ukun, muddin ka zuba direbobinsu duka a ciki. Amma ka bi BIOS ɗinsu ka daidaita: tsarin tashi duka UEFI, saitin faifai duka AHCI. Wasu injinan suna zuwa an sa faifai a RAID, kuma hoton da aka ɗauka a AHCI yakan ba da shuɗin allo a kansu. Sannan ka ɗauki hoton daga injin da faifansa ya fi ƙanƙanta, domin Clonezilla ba ya son zuba hoton babban faifai a ƙarami. Ka kashe BitLocker mai kulle faifai, ka kuma yi `powercfg /h off` don kashe dogon barcin inji.

Duk da haka ni ba na goyon bayan a tsaya a hoto. Zan dawo in faɗi dalili, ana kira na.

Auwal Mai Gyara

Malama, maganar SID ɗin nan ai an daɗe da cewa ba ta da wani tasiri. Mun sha kwafe faifai zuwa faifai ba sysprep, ba abin da ya faru.

Malama Rukayya

Malam Auwal, gaskiya ne Mark Russinovich na Microsoft ya rubuta a 2009 cewa maimaituwar SID ita kaɗai ba ta cika kawo matsala ba, har aka janye manhajar NewSID. Amma ko a lokacin ya ce a ci gaba da yin sysprep, saboda ba SID kaɗai yake gogewa ba. Akwai lambar da sabar sabuntawa ta WSUS ke gane inji da ita, akwai wadda sabar lasisi ta KMS ke ƙirga injina da ita. In duka lamba ɗaya suke ɗauke da ita, saba za ta ga inji ɗaya ne. Kuma zance ya canja a 2025: sabuntawar Windows 11 24H2 da ta fito a rabin shekarar na biyu ta tsananta bincike, injinan da SID ɗinsu ya zo ɗaya suka fara ƙin tantance juna wajen raba fayil da Remote Desktop. Kai kana gyara wa mutane ɗaiɗai ne, kowa ya tafi gidansa da injinsa, shi ya sa ba ka gani. Shi Nura 275 zai tara a ɗaki ɗaya.

Yanzu ga dalilina a kan hoto. Hoto yana ɗauke da sakamakon aiki, ba ya ɗauke da yadda aka yi aikin. Nura zai zauna ya danna wurare hamsin a injin farko: ya kashe barcin allo, ya hana sabuntawa sake tayar da inji, ya cire manhajojin da ba a so, ya gyara bangon wuta. Bayan wata takwas an ce a canja abu ɗaya, ko an sayo inji kala na huɗu. Wa ya tuna wurare hamsin ɗin nan? In kuma Nura ya samu aiki a wani wuri, wanda ya gaje shi zai tarar da fayil mai gigabait 20 da bai san abin da ke cikinsa ba, yana tsoron taɓawa, yana tsoron jefarwa. Na ga ɗakin kwamfuta da aka shekara huɗu ana zuba masa hoto ɗaya saboda wanda ya haɗa shi ya tafi.

Hanyar da nake bi ita ce a rubuta amsoshin. Duk tambayar da Windows ke yi lokacin sawa, ana iya amsa ta tun kafin a fara a fayil mai suna `autounattend.xml`. Ka ajiye shi kai tsaye a filash, ba cikin wata folda ba, mai sa Windows zai neme shi da kansa. A ciki za ka faɗi harshe, yadda za a raba faifai, wane bugu, sunan mai amfani, da yankin lokaci, namu shi ne `W. Central Africa Standard Time`. Har madannan Hausa masu ƙ da ɗ da ɓ za ka iya sawa, lambarsu `0468:00000468`. Sauran saitin kuma ka rubuta su a sikirif na PowerShell da zai gudana a shigar farko. Fayil biyu ne ƙanana, ana karanta su da ido, ana tura su ta WhatsApp, kuma duk wanda ya zo bayanka zai ga layi-layi abin da ka yi.

Injiniya Bala

Malama ban ƙi maganarki ba, amma ki dubi halin da yaron yake ciki. Yana da ranar da masu duba cibiya za su zo. Ki ce ya zauna ya koyi XML da PowerShell yanzu? Kuma sawa daga tushe ta fi zuba hoto jinkiri nesa ba kusa ba. Ko da fayil ɗin amsa, kowane inji sai ya bi duk matakan, ya sake tashi sau biyu ko uku, sannan manhajoji su shiga ɗaya bayan ɗaya. Hoto kuwa minti goma layi guda ya tashi. Injin jarrabawa ba injin ofis ba ne. Burauza ce da abin da hukumar ta ce a sa, shi ke nan.

Malama Rukayya

Yallabai ai ba cewa na yi ya bar multicast ba. Cewa nake injin farkon nan da za a ɗauki hotonsa, kada hannu ya gina shi, fayil ya gina shi. Ya sa filash mai fayil ɗin amsa, ya koma gefe, injin ya haɗa kansa, a yi sysprep, a ɗauki hoto, a watsa da Clonezilla ɗinka. Gudun da kake so yana nan. Bambancin shi ne duk ranar da ake son sabon hoto, layi ɗaya za a gyara a sake. Kuma ba sai ya rubuta XML daga babu ba. Windows System Image Manager da ke cikin Windows ADK yana haɗa shi yana kuma duba kuskure.

Ko da bai yi amfani da nawa ba, sai ya buƙaci fayil ɗin amsa. Bayan sysprep kowane inji zai tashi yana tambayar ƙasa da madannai da suna. Ko dai ya ba sysprep fayil da `/unattend:`, ko ya zaga tebur 275 yana amsawa.

Injiniya Bala

Wannan na ƙarshen kin yi gaskiya. Ni ma ina da ɗan gajeren fayil da nake ba sysprep. Inda muka rabu shi ne yawan abin da za a rubuta. Ni na tsaya a kan ya gama aikin bana tukuna.

Mahamadu ɗan Maraɗi

Sannunku da aiki. Ni daga Nijar nike, a wata lekol, wato makaranta, nike kula da ɗakin injina. Namu ba su kai naku yawa ba, kuma Debian, wani nau'in Linux, munka sa musu, amma abin da Malama ta faɗi shi munka gani. Tun da injinanmu kyauta anka ba mu su daga wurare daban-daban, babu biyar masu kama ɗaya, hoto bai yi muna amfani ba. Sai munka koma ma fayil na preseed, shi ne fayil ɗin amsa na Debian. Layukan haka suke:

`d-i keyboard-configuration/xkb-keymap select fr`
`d-i time/zone string Africa/Niamey`

Na farkon dole ne a wurinmu, don madannanmu AZERTY ne irin na Faransa. Wanda ya taɓa sa kalmar sirri da madannan Amurka ya zo buɗewa da na Faransa ya san abin da nike nufi, A da Q sun musanya wuri, lambobi kuma sai da Shift. Da Debian 13 ta fito a watan Agusta na 2025, fayil ɗinmu na Debian 12 munka ɗauko, gyara kaɗan, munka sake ma ɗakin duka.

Abin da ya fi taimakonmu shi ne apt-cacher-ng. Inji ɗaya ke sauko da kaya daga intanet, sauran su ɗauka wurinshi. Da tsadar data, ba don shi ba da ba mu iya.

Masu kwafe hoton Linux kuma su kula da `/etc/machine-id` da makullan SSH. In ba a goge su ba kafin ɗaukar hoto, ana iya ganin injina biyu suna karɓar adireshi ɗaya daga DHCP, don wasu tsarin da wannan lambar suke gabatar da kansu.

Usman Zariya

Ƙari a kan na ɗan'uwa Mahamadu: kowane gida na Linux yana da irin nasa. Red Hat da danginsa, Rocky da AlmaLinux da Fedora, fayil ɗin amsa na Kickstart suke amfani da shi, kuma in ka sa ɗaya da hannu zai bar maka `/root/anaconda-ks.cfg` ɗauke da duk amsoshin da ka bayar, ka gyara ka sake amfani. Ubuntu Server tun 20.04 ya koma autoinstall da fayil na YAML. Bayan an gama sawa, Ansible ke riƙe min saiti.

Amma Nura kada ka ce za ka juya cibiyar jarrabawa zuwa Linux don mun yaba. Ka karanta takardar sharuɗɗan hukumar ta bana, abin da ta ce shi za ka sa.

Shawarata gare ka FOG Project. Clonezilla na aikin rana ɗaya ne, FOG na zama ne. Kana sa shi a inji ɗaya mai Linux, kowane laftof ya yi rajista da lambar katin netwok ɗinsa, ka ba shi suna, ka sa shi a rukuni. Gobe inji na tebur 87 ya lalace, daga burauza za ka ce a sake masa, ya tashi ya karɓi hoto ya dawo da sunansa. Sai dai yawanci sai ka kashe Secure Boot kafin ya tashi ta netwok, kuma fayil ɗin tashi na UEFI daban yake da na tsohon BIOS: `ipxe.efi` ko `snponly.efi` a ɗaya, `undionly.kpxe` a ɗayan. In ka ga wasu suna tashi wasu suna ƙi, nan za ka fara dubawa.

Nura K.

Yaya Usman, rautar da ke wurin ita ke raba adireshi kuma ban ga inda ake sa 66 da 67 a cikinta ba.

Usman Zariya

Ƙananan rautoci da yawa ba su da shi. Hanya biyu. Ko ka cire rautar gaba ɗaya lokacin aikin, sabarka ta raba adireshi, ko ka sa dnsmasq a matsayin proxyDHCP: rauta ta ci gaba da ba da adireshi, shi kuma ya ƙara bayanin tashi kawai. Abin da ba a yi shi ne a bar masu raba adireshi biyu a waya ɗaya. Ni na fi son ta farko, ka yi aikin ba intanet sam, kada Windows ya fara jan sabuntawa a inji 275 lokaci ɗaya ya cinye datar wata.

In suwic ɗinku masu saiti ne, kunna IGMP snooping don multicast ya je wa masu nemansa kawai, kuma a ƙofofin da injina ke ciki ka sa portfast ko abin da kamfanin ya kira shi. In ba haka ba ƙofa kan yi kusan daƙiƙa 30 kafin ta buɗe, PXE ya gaji da jira ya wuce.

Alhaji Tijjani

Ni ba ma'aikacin inji ba ne, cibiya gare ni, kuma na karanta duka. Tambayata ta kuɗi ce. In an kwafe Windows ɗaya an zuba a inji 275, lasisin fa? Wani ya taɓa ce min sai na sayi 275, wani ya ce akwai 'yar manhaja da ke buɗewa kyauta.

Malama Rukayya

Ranka ya daɗe, ta biyun nan a guje ta. Manhajar fasa lasisi ba a san abin da aka cusa a cikinta ba, kuma in ta shiga injin farko, ta shiga duka 275, a wurin da yara ke shigar da bayanansu.

Wataƙila ma ba ka buƙatar sayen komai. Tun daga Windows 8, manyan kamfanoni suna dasa makullin lasisi a cikin BIOS na injin. Laftof na ofis irin waɗanda Nura ya lissafa galibi da makullin Pro suke zuwa. Ana dubawa da wannan a PowerShell:

`(Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey`

In makulli ya fito kuma bugun da aka sa ya dace da shi, injin zai kunna lasisinsa da kansa in ya ga intanet. Kada a sa Pro a injin da makullinsa na Home ne a yi tsammanin zai karɓa. Sai dai a san cewa a ƙa'idar Microsoft, izinin zuba hoto ɗaya a injina da yawa yana tafiya ne da yarjejeniyar lasisin jumla. Sa wa kowane inji daga faifan sawa na asali da fayil ɗin amsa ba ya shiga wannan. Ka tambayi dillalin Microsoft mai rajista kafin a fara, a san matsayin da ake.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi a aljihu. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 yana neman TPM 2.0, wani guntun tsaro a cikin injin, da masarrafin Intel ƙarni na 8 zuwa sama. EliteBook 840 G3 ƙarni na 6 ne. T470 na 6 ko na 7. Latitude 5490 ana samunsa da na 7 da na 8, sai an duba. Ke nan yawancin injinan Nura ba sa cikin jerin da aka amince.

Auwal Mai Gyara

Wannan ai Rufus yana tsallake shi da danna ɗaya.

Malama Rukayya

Yana tsallakewa, kuma injin zai yi aiki. Amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai yi alkawarin sabuntawa ga irin waɗannan ba, kuma babban sabon bugu na shekara ba ya zuwa musu da kansa. Mai wurin ne ya kamata ya yanke wannan hukuncin da saninsa, ba yaron da aka ba aiki ya yanke a ɓoye ba. Nura, ka rubuta masa a takarda.

Auwal Mai Gyara

To na ji. Amma bari in kare filash ɗina kaɗan, don ba kowa ke da suwic da waya ba. Mai makarantar da ke da inji 15 ba ya buƙatar saba. Ventoy ya ishe shi: filash ɗaya, ka jefa fayilolin ISO, wato kwafin faifan sawa, a ciki, kuma yana da tsarin da za ka haɗa kowane ISO da fayil ɗin amsarsa. Na fara gwada fayil ɗin da Malama ke magana a shago, ka sa filash ka juya ga wani aikin. Gargaɗi ɗaya: in ka rubuta a ciki cewa a goge faifai na 0 ba tambaya, to duk injin da ya tashi da filash ɗin ya tafi. Ka manna masa jan tef, kada yaron shago ya sa shi a injin kwastoma.

Malama Rukayya

Wannan gargaɗin ya shafi netwok ma. Bayan an gama, a mayar da faifai farko a jerin tashi na BIOS, ko a kashe aikin a saba. Kuma kalmar sirrin da ke cikin fayil ɗin amsa ba a kulle take ba, an dai sauya mata kama da base64, kowa na iya mayar da ita. A sa ta wucin gadi a canja daga baya.

Injiniya Bala

Saura wuta, Nura, kuma kada ka raina ta. Cajar irin waɗannan laftof ɗin yawanci wat 45 zuwa 65 ce. In ka lissafa da 65, inji 275 sun kusa kilowat 18 in duka suna caji. Tambayi mai janareto kafin ka kunna su tare. Ni layi-layi nake yi, suwic ɗaya a lokaci guda, inji 24 ko 48. Saba da suwic su kasance a kan infata, domin laftof yana da batir amma suwic ba shi da shi, in ya ɗauke a tsakiya duk layin sai an sake. Injinan da batirinsu ya mutu ka ware su rukuni daban. Ka sayi batirin CMOS, mai riƙe agogon inji, da dama, na hannu da yawa agogonsu ya koma baya, kuma inji mai kwanan wata ba daidai ba zai ƙi buɗe shafuka masu tsaro.

Sadiya A.

Sunayen injinan fa? In hoto ɗaya ne ai duka suna ɗaya za su ɗauka.

Usman Zariya

Sysprep zai ba kowanne suna na kai-tsaye marar ma'ana. In da FOG ne shi ke mayar da sunan da ka yi rajista. In babu, ki yi jadawali mai layi biyu, lambar jikin inji da lambar tebur, sikirif ya karanta lambar daga `Win32_BIOS` ya nemo tebur ya sa suna kamar CBT-087. Kada sunan ya wuce harafi 15. Amfaninsa ranar aiki ne: saba ta nuna CBT-087 ya yanke, kin san teburin da za ki nufa.

Nura K.

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Ga inda nake. Na haɗa fayil ɗin amsa, ya gina injin farko ba tare da na taɓa shi ba, sauran saitin ina ƙara su a sikirif ɗaya bayan ɗaya duk wanda na tuna. Na kwaso direbobin kala ukun da `dism /online /export-driver`. Na gwada Clonezilla a layin farko, inji 24. Guda 21 sun tashi lafiya. Biyu sun ba da shuɗin allo, na duba na tarar a RAID suke, na gyara. Ɗaya ko adireshi bai samu ba, kan wayarsa ne bai matsu ba. Maganar Windows 11 na rubuta wa mai wurin, ya ce zai zo mu zauna.

Matsala ɗaya ta rage. Da na ƙara abu a injin farko na zo sake sysprep, sai ya ƙi, yana cewa bai iya tantance Windows ɗin ba.

Malama Rukayya

Buɗe `C:\Windows\System32\Sysprep\Panther\setupact.log` ka gangara ƙarshe. Galibi za ka ga sunan wata manhajar Microsoft Store da ta sabunta kanta ga mai amfani ɗaya lokacin da injin ya ga intanet. Kana iya cire ta da `Remove-AppxPackage`, wani lokaci sai ka cire uku ko huɗu a jere kafin ya yarda. Tunda kana da fayil ɗinka, ni da zan zare wayar intanet in bar injin ya sake gina kansa daga farko. In log ɗin ya ambaci BitLocker ne, yi `manage-bde -off C:` ka jira ya gama warwarewa kafin ka sake gwadawa. Turo layukan ƙarshe na log ɗin mu gani.